Majami'ar Ƙasa ta Wusasa Ta Doshi Shekara Ɗari

Wanda ya bar birnin Zariya ya nufi Wusasa, ya hango duwatsun da suka yi wa ƙauyen rumfa, zai iya wuce majami'ar St. Bartholomew bai san coci ba ce. Kamar soron wani basarake take: jar ƙasa, bango mai kauri, ba ta da ƙyalƙyali. Idan Allah ya kai mu 2029, za ta cika shekara ɗari.

Asalinta a cikin ganuwa yake. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mutum ne da Hausa ta zauna a bakinsa, kuma shi ne ginshiƙin aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke a 1932. Da wurin ya yi wa mishan kaɗan, hukuma kuma ta fi son ganinsa a wajen gari, sai aka koma Wusasa a 1929 ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen.

A nan ne magabatanmu suka yi abin da nake alfahari da shi. Ba su kwaikwayi cocin dutse na Ingila ba. Magina na gida suka kira, aka kwaɓa ƙasa, aka jera tubali, aka ɗaura azara, aka ɗaga bakan gizo mai riƙe rufi, irin gwanintar da Babban Gwani Mika'ilu ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya. Shiga ciki da tsakar rana a watan bazara, sanyi ne zai tarbe ka. Muryar masu waƙar sujada kuwa, bangon ƙasa yana riƙe ta ba tare da amsa-kuwwa ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne na zinariya. Coci, makaranta da asibitin St. Luke suka zama duwatsun murhu uku. Daga wannan ɗan ƙauye aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, wanda a nan ya tashi.

Guguwar rikicin addini ta 1987 ta taɓa Wusasa, amma maƙwabtakar da aka gada ta fi ƙarfinta. Yau garin yana da dayosis nasa da kwalejin tauhidi ta St. Francis.

Sai dai ginin ƙasa kamar jariri yake, kullum yana son hannu. Kowace damina tana lasar bango, magina masu sanin makuba da ɗaurin azara kuma suna ƙarewa. 'Ya'yan Wusasa da ke Kaduna, Abuja da Legas su haɗa kuɗin yaɓe, su ɗauki nauyin samarin da za su koyi sana'ar a hannun tsofaffin da suka rage, kafin bikin 2029 ya zo.