Nasara Babu Karawa: Nazari kan Ma'ana da Amfani da Kalmar "Walkover"

Masu sharhin wasanni da na siyasa a harshen Ingilishi kan kira duk nasarar da aka samu cikin ruwan sanyi "walkover", kusan yadda Bahaushe zai ce an ci bulus. Hujjar wannan maƙala ita ce ma'anar sauƙi daga baya ta shigo, kuma tana dushe ainihin abin da kalmar ke nufi, wato nasarar da doka ta tabbatar alhali ba a kara ba. Tushenta filin sukuwar dawaki ne a Ingila. Idan doki ɗaya kaɗai ya hallara, ba a miƙa masa kyauta yana tsaye. Sai mahayinsa ya bi da shi ta filin tseren, ko da a takawa ne, kafin alƙalai su rubuta sunansa. Shahararren dokin nan Eclipse, wanda ya shiga tsere 18 a 1769 da 1770 ba tare da an kayar da shi ba, ya sami da dama daga cikin nasarorinsa ta wannan hanya, domin masu dawaki sun gwammace su bar nasu a barga.

Fitattun misalai biyu sun nuna cewa irin wannan nasara takan biyo bayan rikici ne. A gasar Olamfik ta Landan a 1908, an soke tseren ƙarshe na mita 400 bayan an sami Ba'amurke John Carpenter da laifin tare wa Wyndham Halswelle na Birtaniya hanya. Sauran Amurkawa biyu suka ƙi fitowa a maimaita, Halswelle ya zagaya filin shi kaɗai ya karɓi zinare. A Nuwamban 1973 kuwa, Tarayyar Sobiyet ta ƙi buga wasan share fagen Kofin Duniya da Cile a babban filin Santiago, inda sojojin Pinochet suka tsare fursunoni bayan juyin mulkin da suka yi a watan Satumba. 'Yan wasan Cile suka fito, suka take leda, suka yi ta miƙa wa juna har Francisco Valdés ya jefa ƙwallo a ragar da babu mai tsaronta. Tsohuwar al'adar filin sukuwa ce aka maimaita: dole a nuna siffar gasa kafin a halatta sakamako.

Za a iya cewa bakin jama'a ne ke yanke ma'anar kalma, kuma ƙamus-ƙamus sun daɗe da karɓar ma'anar sauƙi. Wannan gaskiya ne, ba kuma aikin manazarci ba ne ya hana harshe tafiya. Sai dai duk inda kalmar ke ɗauke da hukunci, tsohuwar ma'anar ce ke aiki. A wasan tanis na ƙwararru, wanda abokin karawarsa ya janye kafin a fara yana wucewa zagaye na gaba, amma ba a lissafa masa wannan wasa cikin wasannin da ya ci, saɓanin wanda abokinsa ya fita a tsakiyar wasa. A Singafo, kalmar na nufin kujerar da ba ta da ɗan hamayya, kamar yadda Halimah Yacob ta zama shugabar ƙasa a 2017 bayan ita kaɗai hukuma ta tantance. Duk ɗan jaridar da ya kira nasarar ƙuri'u masu rinjaye da wannan suna ya haɗa zaɓen da jama'a suka yi magana da wanda ba a buɗe musu akwati ba.