Yadda Ɗantata Ya Zama Sunan Gida

Bahaushen da ba ya gadon suna har abada. Yana da sunan yanka, a haɗa masa da na uba, in an kai kan jika sai sunan kaka ya faɗi. Laƙabi kuwa da mai shi ake binne shi. Amma ga Ɗantata, wanda asalinsa laƙabin yaro ɗaya ne, yau tattaɓa kunne na amsa shi. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, cikin Agalawa fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Ya yi fataucin goro, da jirgin ƙasa ya iso Kano ya rungumi gyaɗa, ya rasu a 1955. Bisa al'ada, nan ya kamata laƙabin ya tsaya, 'ya'yansa su zama Sanusi Alhassan da Aminu Alhassan.

Abin da ya hana haka, a ganina, kamfani ne. Da aka yi rajistar Alhassan Dantata & Sons, sunan ya koma dukiya: banki ya san shi, Turawan ciniki sun amince da shi, magaji kuma ba zai yar da abin da ke buɗe masa ƙofar bashi ba. Unguwannin masana'antu na Kano suka ƙarasa aikin. Bompai ce ta fara tun zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa mai majemun fata suka biyo baya, sannan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin takardun hannun jari. Takarda ba ta yarda mutum ya sauya suna duk tsara. Haka Rabi'u, sunan mahaifin Isyaku Rabi'u, ya gangaro har kan Abdussamad mai kamfanin BUA. Ko a Ingila, sai da rubuta gadon ƙasa da haraji ya yawaita bayan 1066 sannan sunaye irin su Smith suka zama abin gado.

Wani zai ce ai muna da sunayen zuri'a tun tuni, ga Agalawa ga Tokarawa ga Sulluɓawa. Gaskiya ne, sai dai waɗannan sunayen jama'a ne, ba wanda ke sa hannu da su. Mai cewa makarantar boko ce ta kawo abin ya fi kusa da gaskiya, domin ita ta ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari. Amma sunan gari na duk ɗan garin ne, ba ya ware gida ɗaya. Sunan kamfani kuwa yana warewa, har da tsanani, don ta wajen uba kaɗai yake bi: Aliko jikan Sanusi Ɗantata ne ta wajen mahaifiyarsa Mariya, amma Ɗangote aka rubuta a buhun siminti.