"Zauna Gida Sai Ka Warke": Rikicin Iyaye da Makaranta a Zamanin Ƙanjamau

Tun da aka fara tara yara a aji guda ake da ƙa'idar cewa wanda ya kamu da cuta mai yaɗuwa ya zauna gida sai ya warke. Haka ake yi da ƙyanda da ƙarambau da makamantansu, kuma ba kasafai iyaye kan ja da wannan ba, domin zaman na ƴan kwanaki ne, yaro ya murmure ya koma cikin ƴan'uwansa. Ƙa'idar ta ginu ne a kan abu biyu: cutar tana bin numfashi ko taɓa jiki, sannan tana da ranar tafiya. A farkon shekarun 1980 sai ga wata annoba da ta saɓa wa duka biyun. Ba ta bin iska, ba a ɗaukarta a musabaha, ba ta kuma warkewa. Ita ce ƙanjamau, wadda aka fi sani da sida a ƙasashen da ke aiki da Faransanci kamar Nijar da Cadi. Duk wanda ya ce wa yaro mai wannan cuta ya zauna gida sai ya warke, to ya ce masa ne ya zauna har mutuwa. A kan wannan ne iyaye suka yi ta kai ruwa rana da makarantu da kotuna a Amurka, kuma babu inda rikicin ya yi suna kamar yankin Kokomo a jihar Indiyana.

Ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fara ba da rahoton wani irin ciwon huhu da ya kama samari biyar a Los Angeles. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris suka gano ƙwayar cutar, amma sai a watan Maris 1985 aka amince da gwajin da zai nuna alamarta a jini. A tsakanin waɗannan shekaru jinin da ake tarawa don yi wa marasa lafiya magani ya gurɓata. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu himofiliya, cutar gado da ke hana jini daskarewa idan an yi rauni. Maganinsu wani sinadari ne da ake tacewa daga jinin dubban mutane a haɗe, saboda haka mutum ɗaya mai ƙwayar cutar ya isa ya ɓata duka. Kusan rabin masu himofiliya a Amurka sun kamu ta wannan hanya.

Ryan White yana cikinsu. An haife shi ranar 6 ga Disamba 1971, aka kuma tabbatar yana da ƙanjamau a Disamba 1984, bayan ciwon huhu ya kwantar da shi. Yana da shekara 13, likitoci suka ce da wuya ya wuce wata shida. Sai ya ba su mamaki, ya samu sauƙi, ya ce shi makaranta yake so ya koma. Makarantarsa, Western Middle School, tana ƙauyen Russiaville kusa da Kokomo, ɗalibanta kuwa 360 ne. Da labari ya bazu, iyaye 117 da malamai 50 suka sa hannu a takardar neman kada a karɓe shi. A tsakiyar 1985 shugaban makarantun yankin, James O. Smith, ya ƙi ba shi izinin komawa. Da aka buɗe makaranta a ƙarshen Agusta, sai aka jona masa tarho daga ɗakinsa zuwa aji, yana sauraron darasi daga gida, ba ya ganin allo, ba ya ganin kowa.

Abu ne mai sauƙi a yau a kira waɗancan iyaye jahilai ko marasa tausayi, amma hujjarsu tana buƙatar a saurare ta kafin a yanke mata hukunci. Cutar sabuwa ce, ba ta da magani, kuma a lokacin duk wanda ta bayyana a jikinsa ana ganin kwanansa ya ƙare. Yaron mai himofiliya ne. Idan ya yi haɓo ko ya faɗi a filin wasa, jini zai zuba da yawa. Bayan haka akwai maganar amana. Hukumomin da ke cewa babu haɗari a zama aji ɗaya, irinsu ne a baya suka ce haɗarin kamuwa ta maganin jini ƙanƙane ne, ga kuma Ryan kansa shaida cewa sun yi kuskure. Tambayar da iyaye suka riƙa maimaitawa a tarurruka ita ce ko akwai wanda zai ba su tabbaci ɗari bisa ɗari. Likita mai gaskiya ba ya rantsuwa a kan irin wannan. Abin da zai ce shi ne ba a taɓa samun wanda ya kamu ta haka ba. Shi a wurinsa wannan magana ce mai ƙarfi ƙwarai, su kuwa iyaye abin da suka ji shi ne "ba mu sani ba tukuna". Ko shugaban ƙasa bai taimaka ba. Da ƴan jarida suka tambayi Ronald Reagan a watan Satumba 1985 ko zai tura ɗansa aji ɗaya da yaro mai ƙanjamau, sai ya amsa cewa ya fahimci ɓangarorin biyu, kuma masana ba su yanke magana ɗaya ba.

Alhali sun yanke. Kwamishinan lafiya na Indiyana, Dakta Woodrow Myers, ya shaida wa hukumar makarantar cewa Ryan ba barazana ba ne ga kowa. A ƙarshen Agusta 1985 CDC ta fitar da jagora ga makarantu, inda ta ce yawancin yara masu ƙwayar cutar a bar su su shiga aji kamar kowa, a duba lamarin kowane yaro shi kaɗai, a kuma rufa masa asiri. Jagorar ta nuna wani abu da masu ƙorafi ba su kula da shi ba: haɗarin ya fi karkata ga yaron mai cutar, domin garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙarambau ko ƙyandar da abokinsa zai warke daga ita cikin mako biyu tana iya kashe shi. A Fabrairu 1986 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga binciken da aka yi a birnin Niyok kan mutum 101 da suka zauna gida ɗaya da masu ƙanjamau aƙalla wata uku, suna cin abinci a kwano ɗaya, suna amfani da tawul da reza da buroshin haƙori tare. Mutum ɗaya kaɗai aka samu da ƙwayar, wata yarinya da alamu suka nuna tun wajen haihuwa ta samo ta.

Mahaifiyar Ryan, Jeanne White, ta kai ƙara kotun tarayya, alƙali ya ce a fara bin matakan ma'aikatar ilimi. Ranar 25 ga Nuwamba 1985 jami'ar ma'aikatar ta ce dole a karɓe shi, hukumar makarantar ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa. Bayan likitan ƙaramar hukuma ya duba shi ya ce babu matsala, Ryan ya shiga aji ranar 21 ga Fabrairu 1986. Ɗalibai 151 suka ƙi zuwa a ranar. Kafin rana ta faɗi wata ƙungiyar iyaye ta samo umarnin kotu da ya sake dakatar da shi, ta dogara da tsohuwar dokar jihar kan keɓe masu cuta mai yaɗuwa, dokar da aka yi tun kafin a san da ƙanjamau. Har gwanjon kaya suka yi don tara kuɗin shari'a. Sai ranar 10 ga Afrilu wani alƙali ya soke umarnin, Ryan ya koma. Wasu iyalai suka cire ƴaƴansu suka buɗe musu makaranta ta dabam. A watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ƙi ci gaba da sauraron maganar.

A takarda dai Ryan ya yi nasara, amma abin da ya tarar a makarantar wani abu ne dabam. An ware masa banɗaki da famfon shan ruwa, abincinsa a kwanon da za a yar bayan ya gama, an kuma cire shi daga darasin motsa jiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da likitanci ya wajabta. An yi su ne don kwantar da hankalin jama'a, sai suka zama kamar shaida ga yara cewa lalle akwai abin gudu. Aka riƙa rubuta zagi a akwatin ajiyar littattafansa, ana jingina masa luwaɗi, domin da haka mutane da yawa suka san cutar. A unguwa, waɗanda yake kai wa jarida suka daina saye don tsoron takarda. Editocin jaridar Kokomo Tribune da suka goyi bayansa sun sha barazana. Da aka harba bindiga ta tagar falon gidansu, iyalin suka yanke shawarar barin garin.

A 1987 suka koma Cicero, wani ƙaramin gari a cikin Indiyana ɗin dai. Doka ɗaya ce ke aiki a garuruwan biyu, mutanen kuma kusan iri ɗaya ne, manoma da ma'aikatan masana'antu. Bambancin shi ne shugaban makarantar Hamilton Heights, Tony Cook, bai jira ranar da yaron zai iso ba. Tun kafin nan aka zauna da malamai da ɗalibai aka yi musu bayanin yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ba ta yaɗuwa, aka ba su damar yin kowace irin tambaya, shugabannin ɗalibai suka shiga gaba. Yara suka kai bayanin gida, su suka lallashi iyayensu. Ranar 31 ga Agusta 1987 Ryan ya shiga makarantar, aka tarbe shi da musabaha. Dole a yarda cewa Cicero ta ci moriyar shekara biyu na ƙarin sani da Kokomo ba ta samu ba, kuma ta ga irin sunan da maƙwabciyarta ta yi a jaridu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sai dai wucewar lokaci kaɗai ba ta isa bayani ba, domin kwana uku kafin wannan rana, a garin Arcadia na jihar Filorida, gidan iyalin Ray ya ƙone ƙurmus kwanaki kaɗan bayan ƴaƴansu maza uku masu himofiliya sun koma makaranta da umarnin kotu. Su ma garin suka bari.

Ta fuskar shari'a, maganar ta daidaita a hankali. A unguwar Queens ta Niyok, inda iyaye suka hana yara fiye da 10,000 zuwa makaranta a ranar farko ta zangon Satumba 1985 saboda yaro ɗaya da ba a ma bayyana sunansa ba, kotu ta ce korar yaro don kawai yana da cutar ta saɓa wa dokar 1973 mai kare naƙasassu. A Maris 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Arline, wata malama da aka kora saboda tarin fuka. Ta ce mai cuta mai yaɗuwa yana cikin waɗanda dokar ta kare, kuma kafin a keɓe shi sai an auna yadda cutar ke yaɗuwa, tsawon lokacin da take yaɗuwa, munin illarta, da yiwuwar wani ya kamu, bisa ra'ayin likitoci. Tsoron jama'a ba ya cikin abubuwan da aka lissafa.

Ryan ya rasu ranar 8 ga Afrilu 1990 yana da shekara 18, saura ƙiris ya kammala sakandare. A watan Agusta na shekarar aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda har yau take biyan kuɗin kula da masu ƙwayar cutar marasa galihu a Amurka.

Shekara bakwai bayan haka irin wannan rikici ya tashi a Afirka ta Kudu. A 1997 Gail Johnson ta je saka ɗan riƙonta, Nkosi Johnson, a wata firamare da ke unguwar Melville a Johannesbag, ta kuma rubuta gaskiya a takardar shiga cewa yana da cutar, wadda da ita aka haife shi. Kan iyaye da malamai ya rabu, jaridu suka ɗauka, aka yi tarurrukan wayar da kai, daga baya aka karɓe shi. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasar ta fitar da tsarin da ya haramta hana yaro makaranta saboda ƙwayar cutar, ya haramta tilasta masa gwaji ko bayyana sakamakonsa. Maimakon neman wanda za a ware, tsarin ya umarci makarantu su ɗauki kowane jini da ya zuba a matsayin mai haɗari, ko na wane ne, su ajiye safar hannu ta roba da ruwan kashe ƙwayoyin cuta a akwatin taimakon farko. Nkosi ya yi jawabi a taron duniya kan ƙanjamau a Durban a Yuli 2000, ya rasu ranar 1 ga Yuni 2001 yana da shekara 12.