Yariman da ya sayi rabin ƙungiyar ƙwallo da fam 1

 Wannan karon tarihin wani ɗan kasuwa muka kawo, Yarima Abdullahi bin Musa'id na Saudiyya, wanda ya maida sayen ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa sana'a. Ko ba ka kallon ƙwallo, tsaya ka karanta, don labarin haɗa jari ne.

An haife shi a 1965, jika ne ga Sarki Abdul'aziz wanda ya kafa ƙasar. Ya yi karatun injiniya a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad, kuma a 1989 ya kafa kamfanin yin takarda, irin wadda ake goge hannu da ita. Nan ya tara dukiyarsa. Ya shugabanci ƙungiyar Al-Hilal daga 2002 zuwa 2004, daga baya ya riƙe hukumar wasannin Saudiyya daga 2014 zuwa 2017.

A Satumban 2013 ya shiga Ingila. Lokacin ƙungiyar Sheffield United tana rukuni na 3, ta rame kamar saniyar da ta sha rani. Mai ita, Kevin McCabe, ɗan garin ne mai harkar gine-gine, ya daɗe yana zuba mata kuɗi shi kaɗai har ya gaji. Sai ya sayar wa Yarima rabinta a kan fam 1, kuɗin da bai kai jaka ɗaya ta sefa ba, da sharaɗin zai zuba fam miliyan 10 a cikinta. Kai mai kiwon turke ka san zancen: kuɗin sayen dabba daban, kuɗin dusa da harawa daban.

Kiwon ya karɓa. A 2016 suka ɗauko koci Chris Wilder, a 2017 ƙungiyar ta cinye rukuni na 3 da maki 100, ta hau na 2. To amma daidai nan zama ya fara tsami tsakanin abokan tarayyar biyu, a kan wa zai ƙara kuɗi da yadda za a ƙara.

A takardar yarjejeniyarsu akwai wani sharaɗi da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji. Idan ɗaya yana son ya saye kason ɗan'uwansa, shi zai yanka farashi. Wanda aka taya wa kuma yana da zaɓi biyu: ko ya sallama, ko ya juya ya saye na mai tayin a kan wannan farashin dai, kuma mai tayin ba shi da ikon ƙi. Hikimar ita ce kada wani ya yi wa wani tayin wulaƙanci, don wuƙar da ka wasa tana iya dawowa kanka.

A ƙarshen 2017 McCabe ya taya rabin Yarima fam miliyan 5. A Janairun 2018 Yarima ya ce a'a, ni zan saye naka a haka. McCabe ya ƙi miƙawa, magana ta tafi babbar kotu a Landan. Ana cikin shari'a, a 2019, ƙungiyar ta hau gasar Firimiya, inda kuɗin talabijin yake, darajarta ta ninka sau da yawa. A Satumban shekarar alƙali ya yanke hukunci: ciniki ya faɗa tun ranar da aka amsa tayi, McCabe ya miƙa rabinsa a kan fam miliyan 5. Shi ma Yarima bai tsira kyauta ba, kotu ta ce sai ya sayi filin wasan Bramall Lane da sauran kadarorin da ke hannun McCabe, kamar yadda takardar ta tanada.

Daga nan ya faɗaɗa garke. Tun 2018 ya shiga Beerschot ta Beljiyam tana rukuni na 2. A 2020 ya ƙara da wata ƙaramar ƙungiya a Dubai da Kerala United a Indiya, a 2021 ya sayi Châteauroux ta Faransa, duka a ƙarƙashin kamfanin United World. Dabarar ita ce a raini matasan 'yan wasa a inda suke da araha, a riƙa matsar da su daga wannan ƙungiya zuwa waccan, a sayar idan sun yi daraja.

Sai dai garke ya fi ƙarfin makiyaya. Sheffield United ta zo ta 9 a Firimiya a 2020, ta faɗo a 2021. Châteauroux ta faɗa rukuni na 3 a shekarar da ya saye ta, Beerschot ta faɗo a 2022. Kuɗi suka yi wuya, har hukumar gasar Ingila ta zabge wa Sheffield United maki 2 saboda jinkirin biyan wasu ƙungiyoyi bashinsu. Ta koma Firimiya a 2023, amma sai aka sayar da gwaninta Iliman Ndiaye, ɗan Senegal, ga Marseille. A 2024 ta sake faɗowa da maki 16 kacal, an zura mata ƙwallo 104.

Neman mai saye ma ya zo da nasa rikicin. A 2023 wani ɗan Najeriya, Dozy Mmobuosi, ya taya ƙungiyar, cinikin bai faɗa ba, kuma a ƙarshen shekarar hukumomin Amurka suka tuhume shi da ƙirƙirar lissafin ƙarya a kamfanoninsa. Ba a cinikin biri a sama. Sai a Disamban 2024 Yarima ya sayar wa wasu Amurkawa, kamfanin COH Sports, bayan shekara 11.

To ɗan'uwa, kai da ka haɗa kuɗi da wani kuka sayi mota, ko kuka ɗaure bijimai kuna jiran Sallah, kun taɓa zama kun yi maganar ranar rabuwa? Wa zai yanka farashi, wa zai zaɓa? McCabe da bakinsa ya ambaci miliyan 5, kuma da ita aka kama shi. Ku yi wannan magana tun ana dariya, a rubuta, a kira shaidu.