Katsewa

katsewa [kátsèewáa] sn. mc.; jam. katse-katse [kàtsé-kàtsé].

1. Tsinkewa: ~r igiyar guga.

2. Shiga maganar wani: ~r zancen manya rashin ladabi ne.

3. Yankewar sadarwa: ~r layi tsakanin Badagishiri da Illela.

4. (kwamf.) Siginar da na'ura ke aika wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta dakatar da aikinta ta saurare ta: katin sadarwa na aika ~ idan saƙo ya iso. Rabon ~: rarraba siginonin ga ƙwaƙwalwa daban-daban, aikin manhajar irqbalance a Linux; in suka taru kan ƙwaƙwalwa guda, intanet na iya yin jinkiri. Tara ~: haɗa saƙonni kafin sigina, yana rage nauyi, yana ƙara jinkiri.

Dangi: katse fi.; katsattse sf.