Hoton Bule da jar darar soja

Yanzu yara kan nuna wa manya tsofaffin hotuna a cikin salula. Hoton na mutumin da ya mutu tun kafin a haifi kakanninmu ne, amma ga fuska da launi, ga riga shuɗiya, kamar jiya aka ɗauka. Waɗansu sukan ce ashe tun da can akwai hoto mai kala. A'a. Baƙi da fari aka ɗauka. Kwamfuta ce ta shafa masa launi daga baya.

Mu ɗauki hoton da ya shafe mu, mu mutanen Bazaga da Kwanni da Malbaza da Illela. Akwai hotunan sojan Faransa biyu, kapitan Voulet da kapitan Chanoine. Ana faɗin sunansu Bule da Shanuwan. Samari ne cikin kayan soja. A shekarar 1899 Bule yana da shekara 32, Shanuwan 28. Uban Shanuwan janar ne, har ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898.

An aiko su su kai tafkin Cadi. Suka taso daga bakin kogin Kwara da soja da ƴan dako masu yawa. Inda suka bi sai wuta. Ran 16 ga Afrilu suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu. Ran 8 ga Mayu suka faɗa wa Birnin Kwanni. Suka ƙone gari, suka kashe maza da mata da yara masu ɗimbin yawa. Har yau tsofaffin ƙasar nan suna ba da labarin, kamar yadda suka ji daga iyayensu.

Labarin ɓarnarsu ya kai Faransa. Aka aiko kolonel Klobb ya tsai da su. Ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, wajen Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi. Bayan kwana 2 sojansu suka kashe Shanuwan, kashegari suka kashe Bule. Kaburburansu suna Maijirgi.

To, ina launi ya fito? A wancan zamani ana ɗaukar hoto a kan gilashi da aka shafa wa magani. Maganin nan haske da duhu kaɗai ya sani. Sai a 1907 waɗansu ƴan'uwa biyu na Faransa, su Lumière, suka fara sayar da gilashin da ke kama launi. Lokacin Bule ya shekara 8 a ƙasa.

Ita kwamfuta, an nuna mata hotuna masu launi da ba su ƙirguwa. Ta koyi cewa sama shuɗiya ce, ganye kore ne. In aka ba ta tsohon hoto, sai ta yi cinta. Kamar mai rini ne da aka ce ya rina riga irin ta kakanka, alhali bai taɓa ganin kakan ba. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure.

Ga misali. Baƙaƙen sojan Faransa, waɗanda ake kira tiraye, jar dara suke sawa. Duk gidan da ke da tsohon soja an san haka. Amma maganin hoto na da ba ya ganin ja sosai. Abu ja yakan fito baƙi ƙirin, shuɗi kuwa ya fito da haske. Saboda haka kwamfuta na iya mai da jar dara baƙa ko ruwan ƙasa. Mai aiki da gaskiya ba ya barinta ita kaɗai. Yakan duba ainihin rigar da aka ajiye a gidan tarihi, ya karanta takardun soja, ya tambayi waɗanda suka sani, sannan ya gyara da hannunsa. A nan tsohuwar da ta wanke darar mijinta ta fi na'ura sani.

Akwai abin da ya fi kuskuren dara nauyi. Launi yana sa fuska ta yi kyau. In aka shafa wa Bule jini a kumatu, yaron da bai san labari ba sai ya ga kyakkyawan saurayi, har ya aika wa abokansa. Babu abin da ke cikin hoton da zai gaya masa ranar 8 ga Mayu. Shi ya sa nake ganin bai kamata hoton nan ya yi yawo shi kaɗai ba. A rubuta suna da shekara a ƙarƙashinsa, da abin da ya yi a Kwanni, a kuma faɗi cewa na'ura ce ta sa launin.

A 2020 an fito da wani fim, African Apocalypse, wanda ya bi sawun Bule gari gari. Masu fim ɗin sun zo Birnin Kwanni, sun zauna da jikokin waɗanda abin ya faɗa wa, sun ɗauki maganarsu da Hausa.