Shan-inna: Umarnin Hukuma da Yardar Magidanci

A 2003 jihohin Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan-inna, bisa zargin an sa wa maganin sinadarin hana haihuwa. Zargin bai tabbata ba, amma ya samu gindin zama, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yaran Kano a 1996 ba. Katsina ba ta dakatar ba, sai dai Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna iyaka da Zamfara ko Kaduna, jita-jita kuwa ba ta san iyaka ba.

Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A 2011 ta yi barazanar ɗaure iyayen da suka ƙi. Amma abin da ya fi buɗe zauruka shi ne kwamitin sarakunan Arewa da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009: magidanci yakan ji maganar mai unguwarsa fiye da ta kotu.

A Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. A ƙauyukan ƙananan hukumomin nan uku kuwa, 'yan bindiga kan tare hanya, har uban da ya yarda ma ya rasa mai ɗiga wa ɗansa maganin.